Yadda zaka haɗa kwamfutar tebur da hannunka, daga madabod har fankar da zata iya da zafin garin nan

Kwanakin baya wani ƙanin abokina ya shigo min da kwalaye uku yana ta murna, wai ya sayo kayan da zai haɗa kwamfutar da zai riƙa gyaran bidiyon biki da ita. Na buɗe na farko, firosesa ne, wato abin da ke yi wa kwamfuta duk lissafi, Ryzen 5 7600 sabo dal. Na buɗe na biyu, madabod B550, wato babban allon da sauran kayan ke zama a kai. Na uku ram ne DDR4 guda biyu, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Nace masa Malam zauna tukun, waɗannan kayan kowanne mai kyau ne amma ba zasu taɓa zama gida ɗaya ba, firosesan na soket AM5 ne, madabod ɗin na AM4, ko da guduma ka sa ba zai shiga ba. Yaron nan jikinsa yayi sanyi, don kuɗin da ya daɗe yana tarawa ne, kuma mai shagon da ya sayar masa ko tambayarsa baiyi ba me zai haɗa da su. Abin ya dameni sosai, shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda ake abin nan daki-daki, don haɗawar kanta ba wuya, yawancin asarar tun a kasuwa ake yinta kafin a taɓa sukudireba.

Fara da soket, kafin komai

Soket shine gurbin da firosesa ke zama a jikin madabod, kuma shi ne yake yanke hukuncin komai. A ɓangaren kamfanin firosesa na AMD soket biyu ne ke yawo yanzu, AM4 wanda ya ɗauki Ryzen tun daga na 2017 har zuwa jerin 5000, sai AM5 da ya fito a 2022 tare da Ryzen 7000, shi ne kuma yake ɗaukar 8000 da 9000. A ɓangaren kamfanin Intel kuwa LGA1200 na ƙarni na 10 da 11 ne, LGA1700 na ƙarni na 12 da 13 da 14, sai LGA1851 na Core Ultra 200S da ya fito a 2024. Kada sunan i5 ko i7 ya ruɗe ka, i7 na ƙarni na 4 da i7 na ƙarni na 12 sunan kawai suka haɗa, lambar da ke bayan sunan ita zaka karanta, 12400 na ƙarni na 12 ne, 4770 na ƙarni na 4.

Soket ɗin kuma shi zai faɗa maka irin ram ɗinka. AM4 sai DDR4. AM5 sai DDR5, babu wani zaɓi, haka LGA1851. Inda mutane ke faɗawa rami shine LGA1700, don shi madabod ɗinsa iri biyu ne, akwai mai DDR4 akwai mai DDR5, kuma suna kusan ɗaya zaka gani a kwali, sai dai ka duba ko an rubuta D4 ko DDR4 a ƙarshen sunan. Tsagar da ke ƙasan ram ɗin ba wuri ɗaya take ba, saboda haka ɗaya baya shiga gurbin ɗaya.

Toh soket ya dace, saura cifset, ɗan guntun da ke haɗa firosesa da sauran kaya, wato B550 da B650 da B760 ɗin nan da kake gani a sunan madabod. A nan ne ake samun wanda firosesa ya zauna daram amma kwamfuta taƙi nuna komai, saboda BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod mai tada kwamfuta, ya tsufa bai san sabon firosesan ba. B450 da ya daɗe a shago yana buƙatar a sabunta masa BIOS kafin ya gane Ryzen 5000, haka B660 ko H610 kafin su gane ƙarni na 13 da 14. Shi kuma B550 a hukumance baya karɓar Ryzen 1000 da 2000 duk da soket ɗaya ne. Maganin duk wannan abu ɗaya ne, ka shiga shafin kamfanin da yayi madabod ɗin, ka nemi ainihin sunansa harafi da harafi, akwai jerin firosesan da yake ɗauka da lambar BIOS ɗin da kowanne ke buƙata. Minti biyar ne da data kaɗan. In da hali ka zaɓi madabod mai maɓallin sabunta BIOS a baya, ASUS suna ce masa BIOS Flashback, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI Flash BIOS Button, da shi filashi kawai zaka saka da wuta ko babu firosesa a ciki ya sabunta kansa.

Ni in mutum ya tambayeni me zai haɗa da kuɗi daidai misali, har yanzu Ryzen 5 5600 da B550 da ram 16GB guda biyu na 8 nake cewa, ko i5-12400F da B760 mai DDR4. Firosesan biyu kowanne kwakwalwa shida gare shi, wato sassan lissafi shida, basa cin wuta sosai, basa zafin da zai wahalar da kai. Amma ka lura da kyau, 5600 bashi da girafik a cikinsa, haka duk Intel mai F a ƙarshe, dole sai da katin girafik daban ko ba zaka ga hoto ba. In baka da kuɗin kati yanzu ka ɗauki 5600G ko 12400 mara F, ka fara aiki, daga baya ka ƙara katin. Wanda kuma yake son abin da zai daɗe yana canza firosesa ba tare da canza madabod ba, AM5 da B650 ya fi masa. Mai son manyan Intel na ƙarni na 13 da 14 irin su 13900K da 14700K ya sani a 2024 Intel da kanta ta amsa cewa suna da matsalar wutar da ke lalata su a hankali, ta fitar da gyara ta BIOS ta kuma ƙara shekara biyu a garanti, don haka na hannu a cikinsu ni bana ba kowa shawara ya saya, sabo kuma a sabunta BIOS ranar farko.

Kuma kar ka ɗora babban firosesa kan madabod mafi araha. Kewaye da soket akwai ƙananan abubuwan da ke tace wa firosesa wuta, VRM ake ce musu, a madabod mai kyau zaka ga an rufe su da ƙarfen sanyaya, a A320 da wasu H610 kuwa tsirara suke. Ka ɗora musu firosesa mai jan wuta a ɗaki mai zafi, su zasu fara gajiya su rage masa gudu, ka biya kuɗin doki kana tafiyar jaki.

Maganar sanyaya, wadda tafi damuna

Turawan da kake kallo suna gwajin kaya a YouTube a ɗaki mai sanyi suke, digiri 20 da 'yan kai. Kai kuma a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram waje yana haura 40, ɗakin kwano ba AC, NEPA sun ɗauke fankar sama ta tsaya. Fanka bata ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take hurawa kan ƙarfe, saboda haka duk digirin da ɗakinka ya ƙaru kusan haka firosesanka zai ƙaru. Abin da ya nuna musu 70 kai zai iya nuna maka 85 ko fiye. Yawancin Ryzen 7000 iyakarsu 95, Intel na ƙarni na 12 zuwa 14 iyakarsu 100, in sun kai nan basa ƙonewa, rage gudu sukeyi don kare kansu, sai kaga bidiyon da kake fitarwa yana ta jan ƙafa fanka kuma na ihu kamar injin markaɗe.

Fankar da ke zuwa cikin kwalin 5600, wato Wraith Stealth, da ta cikin kwalin 12400, zasu yi aiki, amma a zafin nan namu in kana aiki mai nauyi da kyar suke sha. Ni dai gaskiya nafi son mutum ya rage kuɗin fitilun ado ya sayi mai sanyaya irin doguwar nan mai bututun jan ƙarfe, kamar DeepCool AK400 ko Cooler Master Hyper 212, in firosesan babba ne kuma Thermalright Peerless Assassin 120 mai hasumiya biyu. Abu uku zaka duba kafin ka biya. Shin akwai maƙalan soket ɗinka a kwalin, don tsofaffin da aka yi kafin 2021 da yawa basu da na LGA1700. Shin tsayinta zai shiga kesin ɗinka, wato akwatin kwamfutar, AK400 milimita 155 ce, kuma kowane kesin yana rubuta iyakar tsayin da yake ɗauka, in ka wuce murfin gefe ba zai rufu ba. Sannan shin ba zata danne ram mai dogon kai ba. Masu X na AM5 irin 7600X da masu K na Intel babu fanka a kwalinsu ko ɗaya, ka sa kuɗinta a lissafi tun farko.

Mai sanyaya da ruwa fa? Tana da kyau tana kuma sanyaya manyan firosesa, amma tana da famfo a ciki, ranar da famfon ya tsaya zafi yake tashi nan take kuma ba'a gyarawa sai dai a canza gaba ɗaya. Ta iska in fankarta ta mutu ka sayi wata ta milimita 120 ka maƙala, shikenan. Ga mai 5600 ko 12400F ban ga dalilin ta ruwa ba.

Kesin ma ɓangaren sanyaya ne. Wanda gabansa gilashi ne ko roba a rufe ruf yana da kyau a hoto amma iska bata shiga, nemi mai raga a gaba da matatar ƙura da ake cirewa a wanke. Girman kuma ya dace da madabod, ATX milimita 305 da 244 ne, micro-ATX 244 da 244, mini-ITX 170 da 170, babban kesin yana ɗaukar ƙaramin madabod amma ƙarami baya ɗaukar babba. Fankokin gaba su ja iska ciki, ta baya da ta sama su fitar, kuma masu shigarwa su ɗan fi masu fitarwa yawa don kar ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace kafa. Gefen fanka da ke da sandunan roba da waya, nan ne iska ke fita.

Pawa pak

Shi ne akwatin da ke raba wa duk kayan wuta. Nan ne mutane ke yin rowa kuma nan ne bai kamata ba, don shi kaɗai ne in ya mutu yake iya tafiya da sauran. 5600 da kati irin RX 6600 mai cin wat 132 ko RTX 3060 mai cin 170, wat 550 zuwa 650 na kamfanin kirki mai tambarin 80 Plus Bronze ya ishe su. Wanda ke zuwa kyauta cikin kesin mai araha, mara nauyi kamar gwangwanin madara, ka ajiye shi gefe. In na hannu ne da aka shigo da shi daga Amurka ka leƙa bayansa, tsofaffin suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230, wutarmu 230 ce, in yana kan 115 ka jona ƙara zakaji da hayaƙi. Waɗannan Dell da HP na ofis da ake saidawa da araha kuma da yawansu wayoyin wutarsu da madabod ɗinsu na gidansu ne kaɗai, basa haɗuwa da kayan kasuwa. Sai UPS, wannan ba ado bane a wajenmu, musamman lokacin sabunta BIOS, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin madabod na iya sumewa. In kana kan inbata ko UPS, mai fitar da tsaftatacciyar wuta wato pure sine wave ya fi dacewa da pawa pak na zamani.

Haɗawa

Samu tebur mai faɗi da haske, sukudireba mai kan kuros, da ɗan kofi na zuba sukurori. In lokacin hunturu ne ka kula, wannan tartsatsin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota saboda bushewar iska yana iya kashe kayan lantarki, kar ka tsaya kan kafet, ka riƙa taɓa ƙarfen kesin kafin ka ɗauki kowane abu, kuma ka riƙe kaya ta gefensu.

Ɗora madabod kan kwalinsa. Ɗaga sandar soket. A kusurwa ɗaya ta firosesa akwai ɗan alamar kusurwa uku ruwan gwal, akwai irinta a soket, ka daidaita su ka ajiye shi a hankali, da kansa zai faɗa gurbinsa, in bai zauna ba ɗaga ka sake dubawa, kar ka danna. A AM4 allurai a jikin firosesa suke, a AM5 da Intel kuwa a cikin soket suke, siraran gaske, ko yatsa kar ka kai musu, allura ɗaya ta lanƙwashe tana iya sa gurbin ram guda ya daina aiki. Mayar da sandar, zakaji ta ɗan yi tauri, haka take. Baƙin murfin robar da zai fito da kansa ka adana shi.

Ram guda biyu a madabod mai gurbi huɗu, yawanci na biyu da na huɗu ne in ka ƙirgo daga wajen firosesa, A2 da B2, littafin madabod zai tabbatar maka. Buɗe maƙalan, daidaita tsagar, danna da ƙarfi har kaji ƙas. Rabin kwamfutocin da ake kawo min wai sunƙi tashi ram ne bai gama shiga ba. SSD na M.2 kuma, wato ɗan siririn ma'ajiyar fayiloli, a karkace ake zura shi sannan a kwantar a ɗaure da ɗan mitsitsin sukurun, in akwai ƙarfen rufi ka ɓare ledar da ke kan kushin ɗinsa.

Yanzu mai sanyaya. Juya ta ka kalli gindinta, akwai leda a manne, ɓare ta. Na taɓa buɗe wata kwamfuta da ke kashe kanta duk bayan 'yan mintuna, mai ita har ya fara zargin firosesan jabu ne, ina ɗaga fankar sai ga ledar nan da rubutun gargaɗinta a kwance tsakanin ƙarfe da ƙarfe, man tamal, wato man da ake shafawa tsakanin firosesa da fanka don zafi ya wuce, ya bushe a kanta. In kamfani ya riga ya shafa man tamal a gindin kar ka ƙara, in babu ka ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiyar firosesa, matsi zai baza shi. Ɗaure sukurori huɗun kaɗan-kaɗan a gicciye, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta, har su tsaya, kar ka ƙure ɗaya ka bar saura. Wayar fankar ta shiga inda aka rubuta CPU_FAN. In wata rana zaka cire fanka a AM4 ka kunna kwamfutar ta ɗan ɗumama tukun, sannan ka murɗa fankar hagu da dama kafin ka ɗaga, in ba haka ba man yana kamawa ya fizgo firosesan daga soket da alluransa.

Kafin ka saka cikin kesin gwada shi a nan kan kwali. Jona babbar wayar pawa pak mai rami 24, jona ta firosesa mai 8 a saman madabod, wadda ke rabuwa 4 da 4, kar ka rikita ta da ta katin girafik mai rabuwa 6 da 2, sunyi kama amma ba ɗaya bane. Saka kati da monita, sannan ka taɓa alluran nan biyu na PWR_SW, wato na maɓallin kunnawa, da kan sukudireba. In hoto ya fito alhamdulillahi. AM5 a tashin farko yana iya ɗaukar minti ɗaya ko fiye allo baƙi yana gwada ram, ka yi haƙuri kar ka kashe. In shiru, yawancin madabod suna da fitilu huɗu, CPU da DRAM da VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne nan matsalar take.

Sai kesin. Fara maƙala farantin baya na ramukan USB in ba a haɗe yake da madabod ba, don in ka manta sai ka kwance komai. Duba 'yan ginshiƙan tagullan da madabod ke zama a kai, kowanne ya kasance ƙarƙashin ramin sukuru, wanda ya faɗo inda babu rami ka cire shi don zai iya taɓa bayan madabod ya haɗa wuta. Ɗaure, jona wayoyin gaba da littafin a buɗe a gabanka, saka katin girafik a gurbin sama, ba shi wutarsa, ka tura wayoyi ta baya ka ɗaure su don kar su tare iska. In pawa pak ɗinka mai cire wayoyi ne ka yi amfani da nasa kaɗai, wayar wani kamfanin ko ta shiga ramin jerin wutar ba ɗaya bane. In kana da katin girafik, wayar monita a jikinsa take shiga, ba a madabod ba.

Tashin farko

Danna Delete ka shiga BIOS. Duba ko ya ga ram duka da SSD, ka kalli zafin firosesa, in yana ta hawa ba tsayawa kana zaune ba ka komai, kashe ka sake ɗaura fanka. Kunna XMP, wato saitin da ke sa ram gudu da cikakken saurinsa, a AM5 EXPO, ASUS na AM4 kuma DOCP suke ce masa, in baka kunna ba ram ɗin 3200 da ka biya zai tsaya a 2133 ko 2400. Windows 11 yana son TPM 2.0, wani saitin tsaro da ake kunnawa a BIOS, a AMD fTPM ne a Intel PTT, kuma tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a 14 ga Oktoba 2025 gara ka tafi 11 kai tsaye, filashi mai 8GB ya isa ka saka shi. Bayan ka gama ka sauke direbobin cifset da na kati daga shafin kamfaninsu, sannan ka buɗe manhajar HWiNFO mai nuna zafi ka saki Cinebench, manhajar da ke ɗora wa firosesa aiki mai nauyi, na minti goma, da rana tsaka ba da asuba ba, a ɗakin da zaka riƙa aiki. In 5600 ko 12400F ya tsaya ƙasa da 85 a wannan yanayin kana lafiya.

Kar ka ajiye ta a ƙasa ko cikin lokar tebur, ɗora ta sama ka bar mata tazara da bango. Lokacin hazo ka riƙa cire matatar gaba kana wankewa duk bayan sati biyu, ta bushe sarai kafin ka mayar, cikin kuma ka fitar da ita waje ka hure da bulowa, ka sa yatsa ka tare kowace fanka kar iska ta juya ta fiye da kima. Shi ƙanin abokin nawa dai mun samu an karɓi B550 ɗin da ram aka canza masa da B650 da DDR5 ya cika kuɗi, muka ƙara AK400 a kai, ranar da muka gwada da azahar ne ana zafi, ya tsaya a bayana yana kallon lambar zafin tana hawa har ta tsaya, sannan ya ja kujera ya buɗe bidiyon bikin farko.